Baƙin da Ke Kwance a Bakinmu

Ranar wata Alhamis da yamma autarmu ta dawo daga makaranta da aikin gida na darasin Faransanci. An ce su rubuta ranakun mako, kowace da asalin sunanta, su kawo ranar Litinin. Muna zaune a tsakar gida a nan unguwar Brikiteri cikin Yawunde, ta baje littafinta a kan tabarma tana karantawa da ƙarfi kamar yadda ta saba: mardi ranar Mars ce, mercredi ta Markuri, jeudi ta Jufita, vendredi kuwa ta Venus. Kakanta yana gefe yana jan carbi, ya tambaye ta su wane ne waɗannan mutane. Ta ce, "Kaka, ai ba mutane ba ne, allolin Rumawa ne." Tsohon ya ajiye carbin, ya ce ta maimaita ta ƙarshen. Da ta maimaita sai ya juyo gare mu ya ce, "Shekara arba'in ina gaya wa abokan ciniki cewa ran vendredi ba na buɗe shago sai an sauko daga masallaci. Ashe duk sunan gunkiya nake kira?"

Dariya ta so ta kuɓuce mana, amma fuskar Baba ba ta wasa ba ce. Ya yanke hukunci cewa jikarsa ba za ta rubuta waɗannan sunaye da hannunta ba. Yarinya ta fashe da kuka, mu kuma muka tsinci kanmu inda iyaye Hausawa a wannan ƙasa suka saba tsintar kansu, tsakanin dattijon da ke tsoron kada boko ya sace masa jika da makarantar da ba da harshenmu take magana ba. Muka roƙe shi ya ba mu kwana uku mu bincika. Abin da muka samo shi ne muke so mu kawo muku, domin mun san ba gidanmu kaɗai irin wannan tambaya take shiga ba.

Tushen labarin yana ƙasar Girka. Girkawan dauri ba su da saukakken littafi. Mawaƙansu ne suka tsara musu asalin abubuwan bautarsu, musamman Homa da Hesiyod, waɗanda suka rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A labarinsu, wani mai suna Kronos ne yake sarautar duniya, aka yi masa duba cewa ɗansa ne zai tumɓuke shi, saboda haka duk ɗan da matarsa Riya ta haifa sai ya haɗiye shi. Da ta haifi na shida, sai ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa, ta ɓoye jaririn a tsibirin Kirit. Wannan jariri shi ne Ziyus. Da ya girma ya sa ubansa ya amayar da 'yan uwansa, suka yaƙe shi suka ci nasara, sannan maza ukun suka yi ƙuri'a: Ziyus ya sami sama da tsawa, Fosaidon ya sami teku, Hades ya sami ƙarƙashin ƙasa, mazaunin matattu.

Fadar Ziyus tana kan dutsen Olimfus, mafi tsawo a Girka, mai kusan mita 2,900. Duk wanda ya san fadar sarki zai gane tsarin. Manyan fadar goma sha biyu ne, kowa da sarautarsa. Hera ce uwargida, mai kula da aure. Dimita tana riƙe da noma da hatsi. Atina tana da hikima da dabarun yaƙi da saƙa. Afolo yana da kiɗa da duba da magani, tagwainiyarsa Artemis tana da farauta. Ares shi ne na zubar da jini, Afrodita ta soyayya da kyau, mijinta Hefaistos gurgu ne kuma maƙeri, Hermes kuma manzon fada ne, majiɓincin fatake da matafiya har da ɓarayi. Kujera ta goma sha biyu wasu suna ba Hestiya mai murhun gida, wasu suna ba Diyonisos mai inabi da giya.

Da waɗannan labarai suke amsa tambayoyin da idonsu yake gani. Me ya sa ƙasa take mutuwa wani lokaci na shekara? Suka ce Hades ne ya sace Farsifona 'yar Dimita, uwar ta yi fushi ta hana tsiro fita har yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Aka yi sulhu za a dawo da yarinyar, sai aka tarar ta riga ta ci 'ya'yan rumman a ƙasar matattu, don haka dole ta riƙa komawa can wani yanki na kowace shekara. Idan ta tafi gona ta bushe, idan ta dawo shuka ta yi kyau. Me ya sa babban birninsu yake amsa sunan Atina? Suka ce ita da Fosaidon ne suka yi takara a kansa. Shi ya daki dutse ruwan gishiri ya ɓulɓulo, ita ta fito da itacen zaitun, aka ga kyautarta ta fi amfani. Don girmama ta aka fara gina ɗakin bauta na Fartenon a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma kangonsa yana nan tsaye har yau.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne halin waɗannan alloli. Ziyus manemin mata ne da ba ya jin kunya, Hera kuma kishinta yakan faɗa kan matan da ya yaudara da 'ya'yansu. Hermes tun yana jariri ya saci shanun yayansa Afolo. Hefaistos ya ɗana raga ya kama matarsa da Ares, ya kira sauran fada su zo kallo. Wannan bai ɓoyu ga masu hankalin cikinsu ba. Wani masani mai suna Zenofanes ya zargi mawaƙan da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya kuma lura cewa kowace al'umma da kamanninta take sassaƙa abin bautarta. Aflatun ma ya nemi a daina ba yara irin waɗannan labarai. Da muka karanta wa Baba wannan wuri, ya gyaɗa kai ya ce ashe ko a cikinsu akwai masu ido.

Daga nan sai Rumawa suka shigo. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa rundunar Roma ta rushe birnin Korinti, Girka ta koma ƙarƙashinsu. Sun ci Girkawa da takobi, amma tun kafin nan labaran Girka sun riga sun ci su. Rumawa suna da abubuwan bautarsu na gado, sai suka riƙa gwada kowane da takwaransa na Girka, suna ɗora masa labarinsa. Jufita ya gaji labarin Ziyus, Juno ta gaji na Hera, Neftun na Fosaidon, Seres na Dimita, Minarba na Atina, Diyana na Artemis, Markuri na Hermes, Vulkan na Hefaistos, Venus na Afrodita. Afolo ne kaɗai a cikin manyan ya shiga da sunansa.

A nan ne muka daɗe muna tunani. Rumawa sun ara, amma ba su yarda aron ya shafe su ba. Ares a wurin Girkawa abin ƙi ne, mahaukacin mayaƙi da ko ubansa ba ya so. Mars kuwa a wurin Rumawa uba ne mai daraja, domin shi suke cewa ya haifi tagwayen nan Romulus da Remus, waɗanda ake danganta kafuwar Roma da su a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Venus a wurinsu kaka ce, har Yuliyus Kaisar yana cewa daga tsatsonta gidansu ya fito. Wutar Vesta a tsakiyar birni 'yan mata shida ne suke tsaron ta, kowace ta yi shekara 30 a kan aikin, domin sun ɗauka in ta mutu birni zai shiga uku. Akwai kuma Janus mai fuska biyu, ɗaya tana duban gaba ɗaya tana duban baya, mai tsaron ƙofa da mafarin kowane abu. Shi ba shi da takwara a Girka, nasu ne na kansu. Ƙofofin ɗakinsa a buɗe suke in ana yaƙi, sai an sami zaman lafiya a rufe.

Duk wannan ya wuce. Daular ta karɓi addinin Kirista, kuma wajen shekara ta 391 Sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka. Wutar Vesta ta mutu, birni bai faɗi a ranar ba. Fartenon ya zama coci, daga baya a zamanin Turkawa ya zama masallaci, har wani harin igwa ya tarwatsa shi a 1687. Bauta ta ƙare, sunaye suka rage, kamar yadda sunan mai rijiya yake zama a kan unguwa bayan rijiyar ta ƙafe. Idan ɗan makaranta ya kira Dutsen Kamaru volcan, sunan maƙerin nan Vulkan yake faɗa. Idan ya ce céréales yana nufin gero da masara, Seres ce. Wasannin Olimfik, inda 'yan ƙwallon ƙasar nan suka ciyo zinariya a Sidni a shekara ta 2000 muka kwana muna murna, asalinsu biki ne na Ziyus da ake lissafin farkonsa daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau a gaban kangon ɗakin Hera ake kunna wutarsu.

Ranar Lahadi da la'asar muka zauna da Baba muka kawo masa abin da ya fi nauyi. Muka ce baƙin nan ba a Faransanci kaɗai suka sauka ba, suna cikin Hausar da muke taƙama da ita. Janairu watan Janus ne, Maris na Mars, Mayu na wata abar bauta Maya, Yuni na Juno. Duk wanda ya taɓa sa ranar ɗaurin aure a watan Yuni ya ambaci uwargidan Jufita, bai sani ba, bai nufa ba, kuma ba ta ji shi ba. Ranakunmu kuwa ta wata hanya suka zo. Daga Larabci muka karɓe su, Lahadi zuwa Alhamis ƙirga ce kawai daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a ranar taro ce. Asabar da samedi ma tushensu guda, ranar hutun Bani Isra'ila. Ashe mu ma mun ara, mun lanƙwasa aron ya zauna daidai a harshenmu har ba ma jin baƙuntarsa.

Sai muka ƙara masa da cewa Rumawa sun raba ranakun mako ne ga rana da wata da taurari biyar masu tafiya, waɗanda suka raɗa wa sunayen allolinsu. Ranar Venus ranar tauraruwar nan ce mai haske da ake gani kusa da faɗuwar rana ko gabanin fitowarta. Nan take fuskar tsohon ta sake. Ya ce, "Zuhura kuke nufi? Ai Zara ke nan, matar wata. In ta fito da asuba kuma mu ce Gamzaki." Muka gaya masa Girkawan farko ma suna biyu suka ba ta, ɗaya na safe ɗaya na yamma, kafin su gane tauraruwa guda ce. Ya ce su Mirriku da Mushtari da Zuhal duk ya ji su a bakin malaminsa tun yana yaro. Mu da muka kwana uku muna haddace Jufita da Neftun, sai ga shi ba mu taɓa koya wa 'yarmu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kunyar ranar tamu ce.

Baba ya janye hukuncinsa, amma da sharaɗi. Ya ce ta rubuta wa malaminta abin da ya nema, domin sanin sunan gunki ba bautar gunki ba ne, kuma wanda ya san asalin abu ya fi wanda yake faɗarsa a makance. Sai dai a bayan littafin, kusa da kowane suna na Rumawa, za ta rubuta namu. Ta ja layi ta raba shafin biyu. Da aka idar da magariba ya kama hannunta suka fita ƙofar gida, ya ɗaga sandarsa ta saman rufin maƙwabta ya nuna mata wata tauraruwa a yamma. Muna daga ciki muna jin ta tana tambayarsa yadda ake rubuta Gamzaki, shi kuma yana ce mata wannan sai ta tashi da asuba tukuna.

'Yan uwa, idan irin wannan aikin gida ya shigo gidajenku, a bar yaro ya rubuta, a kuma nemi dattijon gida ya cika ɗaya gefen shafin tun yana nan. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya raya mana zuriya.