Ɗan siyasa ɗan kasuwa ne, abin da muke saye shi yake kasawa

'Yan'uwana na Karaye da Rogo, wallahi na gaji da zagin 'yan siyasa a teburin mai shayi. Shekara da shekaru muna tsinuwa, su kuma ko a jikinsu. Ni a ganina ɗan siyasa ɗan kasuwa ne. In ya ga taliya da sabulu da turmin atamfa na sayen ƙuri'a, me zai kai shi wahalar gyaran asibiti? In ya ga wanda ya fi zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya shi muke kira mai jama'a, to kullum yana hanyar biki, kujerarsa ta majalisa na shan ƙura.

Amma kasuwa tana juyawa, mun kuma gani da idonmu. Sanata Kabiru Gaya ya wakilci Kano ta Kudu tun 2007, shekara 16 cur. A 2023 talakawa suka juya masa baya, Kawu Sumaila ya hau, kuma da ƙuri'un Karaye da Rogo a cikin lissafin. Ba zancen wane ya fi wane nake ba. Abin lura shi ne babu kujerar da ba ta girgiza. Matsalarmu, sau ɗaya muke nuna ƙarfin nan a shekara huɗu, sai mu koma barci.

Ku dubi dam ɗin Challawa. Tun farkon shekarun 1990 ruwa ke kwance a ƙasar Karaye, amma da an gama kaka samarinmu sun kama hanyar ci-rani. Wa muka taɓa zaunar da shi muka ce ga buƙatarmu kan noman rani, sa hannu a nan?

Ga shawarata. Kowace mazaɓa, daga Zarewa da Fulatan har Turawa da Yammedi, ta haɗa dattawa, malamai, mata da matasa, su fitar da buƙatu uku kacal a rubuce. Duk mai neman ƙuri'a ya sa hannu a gaban jama'a. Bayan wata shida a kira shi, a karanta masa takardar. Ayyukan mazaɓu suna cikin kasafin kuɗi, Tracka ta BudgIT na bibiyarsu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba mu damar tambayar ma'aikatun tarayya. Haka nan ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka ciyaman da kansila ma su shigo layi, a tambaye su nawa ya shigo, ina aka kai shi.

Sai ɓangaren da muke mantawa: lada. Wanda ya cika alkawari a yaba masa a fili, ko ɗan wace jam'iyya ne, a kuma sake zaɓensa. In mai aiki da marar aiki duk zagi ɗaya suke sha, me zai sa wani ya wahalar da kansa?

Mu ma mu rage kai musu takardar asibiti da kuɗin suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karɓa a zaure, bakinsa ya mutu a taro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan mazaɓar da ya shirya, ya rubuto mana buƙatunsu uku a ƙasa, mu fara daga nan. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya sa mu ma mu gyara.