Azurfar Iyayenmu

Lokacin da muke tasowa a Tambuwal, da wuya a yi shirin kai budurwa ɗakin miji ba a yi gardama a kan abin da za a ƙera mata ba. Zinare sai gidan sarauta da manyan fatake. Mai rufin asiri azurfa yake nema, wanda hannunsa bai kai ba ya tsaya a goran ruwa, mai ɗaukar ido ranar buki, mara nauyi, mara daraja ranar buƙata.

Kakata 'yar Kebbe ce, kuma ita ce alƙaliyar gidanmu a wannan fanni. A ƙasan adudunta akwai liyari da ta ƙulle a tsumma, masu hoton wata mace mai jiki da shekarar 1780. Sai da na girma na san Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a wannan shekara, aka kuma ci gaba da buga kuɗin da shekarar bayan ranta. Kowane ɗaya ya kai giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa ne, fatake suka kawo su ƙasar Hausa. Kakata ba ta san wannan lissafi ba, kunnenta da tafin hannunta sun ishe ta.

Ranar kai aiki ni ke riƙe mata ƙullin zuwa wurin maƙerin fari, don maƙeran baƙi nasu garma ce da lauje. Ba ya karɓar kome sai ya sake shi a kan uwar maƙera. Azurfar kirki amonta siriri ne, yana daɗewa kafin ya mutu. Mai haɗi kuwa ƙwal ɗaya ta yi shiru. Sai ya goga ta a baƙin dutse, ya dubi zanen, ya ce, "Inna, wagga ta ƙwarai ta." Daga nan yaro ya kama zugazugi, gawayi ya yi ja, kuɗin ya narke yana juyawa a 'yar tukunya kamar ƙwayar ido. Kakata ba ta tashi sai an auna abin da ta kawo, ranar karɓa kuma a sake aunawa a gabanta. Tsofaffin sulalla ma suna shiga wuta, amma na farko kawai, waɗanda Turawa suka fara bugawa a 1913, domin daga 1920 aka daina yin su da azurfa.

Munduwa da awarwaro da zobe ado ne, kuma ajiya ce. Shekarar da damina ta gaza, na ga mata sun zare na hannunsu an auno gero. Idan azurfa ta yi baƙi ba a damuwa, toka da lemun tsami sun isa.

Yau fararen ƙarafan ado sun yi yawa. Alhazai da masu safarar Dubai suna kawo farin zinare, wanda zinare ne aka gauraya da wasu fararen ƙarafa, aka shafe shi da wani ƙarfe mai ƙyalli da ke goguwa a hankali sai an sake shafawa. Akwai falatinam, mai nauyi da tsada, wanda wutar gawayin maƙeranmu ba ta narka shi. Ga kuma tulin na yayi da ba ya kai salla biyu. Hatimi ne jagora yanzu: 925 a jikin azurfa, 750 a zinare mai karat 18, 950 a falatinam, ko da yake mai ha'inci ma ya iya buga lamba.

Abin da ya fi damuna samarinmu ne masu sa zoben farin zinare suna cewa ai fari ne. Zinare zinare ne ko an sauya masa launi, kuma shari'a ba ta halatta shi ga namiji ba. Zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, malamanmu na Malikiyya kuma sun ce kada na namiji ya wuce nauyin dirhami biyu.

'Yan uwana mata, duk mai munduwar kakarta a akwati kada ta yarda a musanya mata da ƙyalƙyali. In kuma sabo za ku saya wa 'ya'yanku, ku sayi azurfa, a auna a gabanku.