Huhun Goro da Sakin Layi

Mu ’ya’yan Hausawan Ikko, daga Zangon Agege har zuwa Jankara da Idi-Araba, da harsuna uku muke tashi. Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, buroka a bakin titi. Saboda haka ba kalmomi muke rasawa ba ranar jarrabawar Ingilishi ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, babban ofishinta na Nijeriya kuma yana Yaba. Abin da ke kayar da mu shi ne tsarin zance.

Ana bukatar ɗalibi ya rubuta insha’i mai kimanin kalmomi 450, maki 50. Daga ciki an ware 10 domin tsari kaɗai. Wanda kuwa bai sami kiredit a Ingilishi ba, ƙofar jami’a ta rufe masa, ko da ya ci sauran darussa, sai ya koma tsaron shago yana jiran baɗi.

A tarbiyyarmu, mai hankali ba ya faɗa wa magana kai tsaye. Sai ya gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, ya kewaya, sannan ya kawo bukatarsa. Wannan ladabi ne a zaure. Amma mai duba takarda yana da ɗaruruwa a gabansa, a jimlar farko yake neman inda aka dosa.

Abin mamaki, darasin yana ƙofar gidanmu. Tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fatakenmu suke ɗaure goro a Agege zuwa Arewa. Ba a zuba goro haka kawai. Sai an zauna an tsince, marsa gefe, minu gefe, mai tsutsa a yar. A shimfiɗa ganye, a jera, a rufe, a ɗaure tamau.

To, haka sakin layi yake a gundarin insha’i. Kowanne ra’ayi guda yake ɗauka. Jimlar farko ta faɗi jigo, ta biyu ta ba da dalili, ta uku ta kawo misali, ta ƙarshe ta ɗaure zancen da tambayar da aka yi. Alal misali, a ce an tambayi hanyoyin rage cunkoson motoci. Sai a fara da cewa gadojin sama na rage cunkoso. Dalili, suna raba motoci da mahaɗar titi da layin dogo. Misali, gadar Pen Cinema da aka buɗe a Agege a 2021. Maganar ’yan talla da ke tare hanya kuwa, gaskiya ce, amma sai ta jira nata huhun.

Sakin layi uku ko huɗu irin wannan, tsakanin gabatarwa da kammalawa, sun wadatar. Ko a jarrabawar IELTS ta masu neman karatu a Ingila, inda ake rubuta kalmomi 250 cikin minti 40, ma’aunin ke nan.

Don haka muna kira ga ’yan’uwa ɗaliban Hausa, musamman masu shirin koyarwa. Mu fara horar da ƙannenmu tsara sakin layi da harshen uwa, tun suna aji ɗaya. Yaron da ya iya jera hujja da Hausa, ranar da ya ɗauki alƙalami da Ingilishi kalmomi kawai zai sauya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.