Tsakuwar da ke ɗauke da jirgi

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata lakwal ta Maraɗi, kuma duk shekara idan muka iso darasin sufuri sai in ga hankalin yara ya tafi. Nakan gaya musu cewa layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, su rubuta, su hardace, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Da yake gani ya kori ji, sai na ƙudurta in gina musu ƙarami a bisa tebur.

Wani aboki ya samo mini guntun layi da kan jirgi na wasa a gwanjo, irin wanda aka rage girmansa sau 87. Tsakanin ƙarafansa milimita 16,5 ne, kwatankwacin mita 1,435 na layin gaske. Na kafa shi a kan allo, na ce aiki ya ƙare. Da na gwada shi da hoton layi na ainihi, sai na ga nawa tsirara yake: babu tsakuwa.

Can da ina zaton kwalliya ce kawai. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ita ce ke karɓar nauyin jirgi daga gungumen da ke ƙarƙashin ƙarfe ta rarraba shi a ƙasa, ta hana layi gocewa, ta bar ruwan sama ya tsiyaye. Kuma dole ta zama fasasshen dutse mai kaifin baki, don tsakuwa mai sulɓi ba ta riƙe ƴar'uwarta.

Dutsen gaske bai wuce santimita 3 zuwa 6 ba. A ma'aunina, wajen rabin milimita ke nan. Na ɗebo rairayin gulbi, sai ya riƙa zamewa, domin ruwa ya cinye masa kaifi. Daga baya na roƙi dusar dutse wurin masu fasa tsakuwar gini, na tankaɗe ta da rariyar uwargida, abin da har yau ba a yafe mini ba. Na baje ta da gashin kaza tsakanin gungume, na jiƙa ƙaro kamar mai haɗa tawada, na ɗiɗɗiga, na bari ya kwana ya bushe.

Saura taragon da ke kai tsakuwa wurin aiki. Cikinsa kamar mazurari yake, ƙofofinsa a ƙasa. Jirgi na tafiya sannu, ma'aikata na buɗewa, dutse na zuba tsakiyar layi da gefensa. Na farko da na yanka daga gwangwanin sardin gindinsa shimfiɗe yake, kaya suka ƙi fita. Wani yaro mai ƙera motar langa-langa, wanda kullum yake na baya a aji, shi ya karɓa ya lanƙwasa bangon ya yi gangare. Da ya zare ƙusar da ke riƙe ƙofa, dusa ta kwararo, aji ya ɗauki sowa. Ranar ce na fara jin ya yi tambaya: «Malam, in ta lotsa, wa ke ƙarowa?»

Na amsa masa cewa wannan taragon ba ya hutawa muddin layi na raye, domin dutse na niƙewa, ƙasa na shigarsa, sai an riƙa ƙari ana dannewa. Amma tambayar ta bi ni gida. A watan Janairu na 2016 an yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, bai kuwa samu zirga-zirgar da aka sa rai ba. A watan Fabrairu na 2021 an aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Mu duka kan jirgi muke ɗokin gani, da tuta da kiɗa. Ni dai na roƙi ɗalibaina, ran da suka tsaya a bakin layi na gaske, su fara duban ƙasa, su tambayi wanda aka ɗora wa kula da tsakuwar. Yaron nan ya ce shi ne zai nemi aikin.