Tsintuwa da Mutuwar Kwabo

Sanin kowa ne cewa mutum ba ya duƙawa ƙasa sai don abin da ya ga ya isa a duƙa masa. Saboda haka wanda ke son ya san darajar kuɗin wata ƙasa, ba sai ya je banki ba. Ya isa ya tsaya a bakin kasuwa ya lura da abin da mutane ke tsinta da wanda suke tsallakewa.

A da, a kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, da zarar an watse sai yara su bazu cikin rumfuna suna tonon rairayi, ko Allah zai sa su dace da kwabon da ya suɓuce wa wani. Haka abin yake a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, wadda titin dogo ya isa a 1929, inda gyaɗa da auduga suka jawo kuɗin Turawa cikin ƙasar Zamfara. Kafin nan da wuri ake ciniki, shi ya sa har yau ake cewa an biya kuɗi wuri na gugar wuri. Da kuɗin ƙarfe suka zo, Bahaushe ya raɗa wa kowanne suna: anini, wanda goma ke yin kwabo, ɗari, wato rabin kwabo, ahu, kwabo da rabi, sai taro da sisi da nai da sule, mai kwabo goma sha biyu. Anini da kwabo suna da huda a tsakiya, don haka tsofaffi mata kan zura su a zare su ɗaure a gefen zane.

Tsintuwa kuwa tana da ladubbanta. Malamai sun koyar da cewa abu mai daraja sai an yi cigiyarsa shekara guda, amma ɗan abin da mai shi ba zai koma nema ba, babu laifi a amfana da shi. Iyaye kuma kan gargaɗi yara kada su taɓa kuɗin da suka gani a mararraba, don gudun asiri. A Zurmi da ƙauyukanta, yaron da ya tsinci sisi yakan kai wa babba ne tukuna, shi kuwa ya ce, "Ɗana, riƙe shi har mu ji ko wani zai yi cigiya." Ta wannan ɗan ƙarfe yaro ke fara koyon bambancin nasa da na wani.

Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, kwabo goma ya gaji sunan sule, kwabo biyar ya gaji na sisi. A jikin rabin kwabo an zana auduga, a jikin kwabo 25 kuma gyaɗa, wato amfanin gonar da manoman yankin suka sani sarai. Amma tun daga 1986, lokacin da aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, tsadar kaya ta riƙa cin ƙananan kuɗi ɗaya bayan ɗaya. A 1991 aka mai da kwabo 50 da naira ɗaya ƙarfe. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 1,000 a 2005. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sake buga kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu na ƙarfe, amma kasuwa ta ƙi karɓarsu, domin babu abin da za su saya. Yanzu takardun naira biyar da goma ma sun bi sahu. Sai su yini a ƙasa ana taka su.

Mai karatu yana iya cewa wannan ƙaramin al'amari ne, to amma a kan talaka yake ƙarewa. Idan babu canji, farashi ba ya tafiya sannu, tsalle yake yi: abin naira 50 ya koma 100, don babu kuɗin da ke tsakani a hannun mutane. Mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli ba su da yadda za su yi wa yaro ɗan ƙaramin awo. Mai shago ya miƙa alewa ko ashana a madadin canji. Kazalika tsohuwar da a da take sadaka da anini kullum safiya, yau tana jin kunyar miƙa wa almajiri abin da ta san ba zai saya masa komai ba, sai ta haƙura. Asusun laka da yara ke jefa kwabo a ciki har salla shi ma ya ɓace, tare da darasin da ke cikinsa na cewa da yayyafi kogi kan cika.

Har gobe Bahaushe na cewa ba shi da ko sisi, ko anini, alhali akasarin samarin yau ba su taɓa riƙe ɗayansu ba. Harshe ya adana abin da aljihu ya yar. Masu iya magana sun ce mai raina kaɗan ɓarawo ne. To, a nan ba yaron da ya tsallake naira biyar ne ya raina ta ba, tun kafin ta faɗi ƙasa tsadar kaya ta riga ta sace abin da ke cikinta. Allah Ya mai da wa guminmu albarkarsa, amin.