Daga Kasuwar Zuba Zuwa Gindin Dutsen Aso

Wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya bar Dutsen Zuma a baya sai ya faɗa Zuba, ƙofar babban birnin Tarayya. Nan na yada zango da sassafe, na shiga kasuwar kayan marmari. Ga ayaba da lemo da kankana jibge, manyan motoci na ta saukewa, 'yan dako na kai da kawowa. Abin gwanin sha'awa.

Amma mai karatu, ina kallon ayabar nan ina tuna gargaɗin da hukumar NAFDAC ta sha yi wa kasuwannin ƙasar nan game da kabaid, watau dutsen nan na masu walda. Wasu kan ƙunshe shi cikin tsumma su tura tsakanin ɗanyun 'ya'yan itace, su rufe. In ya sha raɓa sai ya fid da iskar da ke sa ɓawo ya yi ja a kwana ɗaya ko biyu, alhali yana tafe da dattin guba irin su asanik. Ban ce na ga kowa na yi ba. Abin da ya dame ni shi ne, mai saye ba shi da hanyar tabbatarwa sai dogaro ga Allah.

Haka zancen fiya-fiya yake, wanda akan yayyafa wa wake don maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan wannan guba a jikinsa. Su sun auna sun ƙi. Mu muka ci gaba da yin alala da ƙosai. Sai a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni.

Daga Zuba na bi babbar hanyar Kubwa zuwa tsakiyar gari, tafiyar da ba ta cika awa guda ba in hanya ta yi kyau. Can na hango koren tulluwar Majalisar Tarayya, Dutsen Aso na bayanta. A nan ya kamata maganar ta ƙare, don kuwa dokokinmu kan guba sun saba zuwa ne bayan ɓarna. Sai da aka jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, sa'an nan gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 42 ta 1988, mai hukuncin ɗaurin rai da rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, kana a 2015 ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja.

Hukumomi kam akwai su: NAFDAC tun 1993, NESREA tun 2007, ga kuma Ma'aikatar Gona. To, shanu da makiyayi uku, wa za a tambaya in sun yi ɓarna? A ganina, 'yan majalisa su yi doka guda da za ta ce ba mai sayar da maganin ƙwari sai da lasin, a ajiye ma'aikatan awo a manyan kasuwanni, a kuma sake yanka tara, don wadda aka yanka zamanin soja faɗuwar Naira ta mai da ita kuɗin shan shayi.

Da la'asar na koma ta Zuba. Na sayi ayaba nono biyu, na zaɓi ɗanya shar, na ce ta nuna a gida.