Ba Duk Abin Da Mai Laifi Ya Faɗa Ne Ƙarya Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗi gardamar da ta haɗa ni da wani abokin aikina. Ya tarar ina karanta labarin Pier Paolo Pasolini, wani mawaƙi kuma mai shirya sinima na ƙasar Italiya. Sai ya ce, "Haba Malam, me za ka tsinta wurin mutumin da 'yan ƙasarsu ma suka yi ta kai shi gaban alƙali?"

To, abokina bai yi ƙarya ba. An haifi Pasolini a Bologna cikin 1922, ya yi aikin malanta kamarmu. Cikin 1949 aka zarge shi da aikin assha da samari, aka raba shi da makaranta, jam'iyyar Kwaminis kuma ta kore shi. Ya tafi birnin Rum da uwarsa, ba ko anini. Daga baya an yi ƙararsa fiye da sau 30, yawanci saboda littattafansa da sinimarsa. Wadda ya yi ta ƙarshe, Salò, ni kaina ba na ba kowa shawara ya kalla.

Amma ga abin da ya kama ni. Littafin waƙoƙinsa na fari, na 1942, da harshen Casarsa ya rubuta shi, wato ƙauyen uwarsa, alhali gwamnatin Mussolini tana ƙyamar harsunan ƙauye, tana so kowa ya yi Italiyanci iri guda. A Rum kuwa ya zauna cikin talakawan bayan gari, ya sa maganarsu a littafi yadda take fita daga bakinsu. Da ya shirya Accattone cikin 1961, su ya ɗebo suka yi wasan. Kafin ya mutu ya yi ta gargaɗi a jarida, cewa talabijin da kwaɗayin kayan kanti sun yi abin da ya gagari Mussolini, sun mai da jama'a duk bakinsu ɗaya, ɗa yana jin kunyar maganar ubansa.

Ran 2 ga Nuwamba 1975 aka tsinci gawarsa a Ostia, bakin teku, an yi masa dūka, an bi ta kansa da motarsa. Aka ɗaure wani yaro mai shekara 17, amma cikin 2005 ya ce ba shi ya kashe shi ba.

Jama'a, ni ban wanke shi ba. Sai dai da na karanta gargaɗin nan na tuna yaran da na sha tsawata wa don sun yi maganar gidansu a aji, kunya ta rufe ni. Zinariya ko a juji aka tsince ta, zinariya ce. Abokina bai yarda ba tukuna. Malamai 'yan'uwana, ku raba mana gardama.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta